Yadda ake yini a gidan adana zane-zane, a ci abincin rana a lambunsa

Yawancin masu zuwa gidan adana zane-zane kuskure ɗaya suke yi. Su shiga da safe da ƙarfinsu, su bi ɗaki-ɗaki kamar masu ƙidayar kaya a sito, sai wajen ƙarfe biyu ƙafa ta ɗauki zafi, ido ya dushe, yunwa ta taso. Sannan ne za su lallaɓa wurin shan shayin da ke cikin lambu su zube a kujera, daga nan kuma sai gida. In ka tambaye su me suka gani, sai su ce abubuwa da yawa, amma da wuya ka samu wanda zai kwatanta maka zane guda ɗaya. Shawarata ita ce a raba ziyarar gida biyu, a sa lambun da abincinsa a tsakiya. Ga yadda ake tsara hakan.

Mataki na farko: zaɓen gida da zaɓen rana

Ba kowane gidan zane ke da lambu ba, kuma ba kowane lambu ake sayar da abinci a cikinsa ba, don haka sai ka bincika tun kana gida. Waɗanda suka haɗa biyun suna nan a ƙasashe da dama. A Faris akwai gidan Rodin, wanda aka buɗe a 1919, mai lambu kusan hekta uku cike da mutum-mutumin tagulla. Akwai kuma Petit Palais da aka gina domin baje kolin duniya na shekarar 1900, mai ɗan lambu a tsakar gida da tebura a ƙarƙashin baranda. A Landan, gidan Victoria and Albert yana da tsakar gida mai tafki mara zurfi. A Tokiyo akwai gidan Nezu, wanda wurin shan shayinsa ke tsakanin bishiyoyi, bangonsa gilashi. A Denmak akwai Louisiana, da aka buɗe a 1958 a bakin teku, inda mai cin abinci ke hango gaɓar Suwidin idan sama ta washe.

Ka shiga shafin intanet na gidan da ka zaɓa ka duba abubuwa huɗu. Na ɗaya, ranar da suke hutu. Gidaje da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, cikinsu har da Rodin da gidan Orsay na Faris, shi kuwa Louvre, babban gidan zane na birnin, ranar Talata yake rufe. Na biyu, lokacin wurin cin abincin, domin sau da yawa yakan rufe kafin gidan kansa ya rufe, abinci mai zafi kuma kan ƙare da wucewar tsakar rana, a bar kek da shayi kawai. Na uku, hasashen yanayi, tunda teburin da ke waje ba ya da daɗi ranar ruwa. Na huɗu, wanda mutane suka fi mantawa: lambun yana cikin shingen tikiti ne ko wajensa? Zan dawo kan wannan.

In kana da zaɓi, ka je tsakiyar mako. Asabar da Lahadi, da ranakun da ake shiga kyauta, cunkoso ne.

Mataki na biyu: tikiti

Galibin gidajen nan baje koli iri biyu suke da shi. Akwai kayan gidan na dindindin, da suke nan shekara da shekaru. Akwai kuma nuni na ɗan lokaci, inda ake aro zane-zane daga wasu wurare na wata uku ko huɗu. Sau tari tikitinsu daban ne. A National Gallery ta Landan da Victoria and Albert, kayan dindindin kyauta ake kallonsu, nunin musamman ne ake biya wa. In wannan ne zuwanka na farko, kayan dindindin sun ishe ka. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ka sayi tikitin ta intanet, ka zaɓi zangon farko na safe. Wasu gidajen, kamar na Van Gogh a Amsterdam, sai da tikitin da aka saya ta intanet mai ɗauke da lokacin shiga. Ɗalibai da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman kan samu rangwame ko su shiga kyauta, amma sai da shaida, saboda haka a tafi da katin. Ka ɗauki hoton tikitin ka ajiye a wayarka, don gine-gine masu kaurin bango kan kashe sabis daidai lokacin da ka iso gaban mai dubawa.

Mataki na uku: abin da za ka ɗauka

Takalmi mai laushi, wanda ƙafarka ta saba da shi. Tafiyar gidan zane ba irin ta hanya ba ce: taku uku a tsaya, taku biyu a tsaya, a kan daɓen dutse ko katako, kuma wannan tsaye-tsayen ya fi doguwar tafiya cin baya. Ka tafi da 'yar riga ta sama ko da ana zafi a gari, saboda ɗakunan ana riƙe su da sanyi-sanyi, kusan digiri 20, da laimar iska kusan kashi 50 cikin ɗari, domin kada katako ya tsage ko fenti ya ɓantare.

Jaka ƙarama. Louvre ba ya karɓar kayan da suka wuce santimita 55 da 35 da 20, kuma gidaje da yawa za su sa ka ajiye jakar goyo ko ka rungume ta a gaba, don kada ka juya ka goge zane da ita ba ka sani ba. Ka ɗauki fensir da ƙaramin littafi. Biro wasu wuraren ba sa yarda da shi. Batun gorar ruwa kuwa ya danganta da gida. Bayan da masu zanga-zanga suka watsa miyar tumatir a kan gilashin zanen furannin Van Gogh a watan Oktoban 2022, sannan aka sake yin irin haka daga baya, National Gallery ta hana shiga da abin sha a 2024, ban da madarar jarirai da magani.

Kada ka fita da cikinka wayam. Ka karya kumallo sosai, don kai ne za ka zaɓi lokacin fita lambu, ba yunwa ba.

Mataki na huɗu: minti goman farko

Bayan an duba jakarka, ka ajiye ta tare da lema a ɗakin ajiya ko akwatin kulle, amma ka cire kuɗi ko katin banki ka sa a aljihu. In ka bar su a jaka, sai ka sake bin layin ajiya kafin ka ci abinci.

Ka karɓi taswira, ka nufi teburin tambaya, ka yi tambayar nan da bakinka: in na fita lambu na ci abinci, zan iya komawa ciki da wannan tikitin? Na taɓa yin sakaci da ita a wani gida. Na fita ta ƙofar da na zaci ta lambu ce, ashe ta fita ce gaba ɗaya, na ci abincina hankali kwance, da na dawo mai gadi ya nuna mini rubutun da ke cewa wanda ya fita ya fita ke nan. Rabin gidan ban gan shi ba ranar. A wasu wuraren ana buga maka hatimi a hannu ko a ba ka sitika ka manna a riga. Matambayi ba ya ɓata.

Sai ka samu benci ka zauna da taswirar. Ka yi wa abubuwa biyar ko shida alama da fensir, kada su wuce haka. Ka yi lissafin da kanka: Louvre yana baje kaya kusan 35,000, in ka ba kowanne daƙiƙa talatin, za ka yi kwana goma sha biyu kana tsaye ba barci ba cin abinci. Ka kuma gano inda ban ɗaki yake, da ƙofar lambu, da lif in kana tare da mai keken guragu ko keken jariri.

In cikin abubuwan da ka zaɓa akwai wanda duniya ke rububinsa, fara da shi kafin ayarin 'yan yawon buɗe ido su iso. In babu, ka wuce can ɗaki mafi nisa ka faro daga baya. Jama'a kan taru a ɗakunan farko su ƙarar da ƙarfinsu a nan, na ƙarshe kuma su zama fayau.

Mataki na biyar: yadda ake tsayawa gaban zane

Nan ne aikin yake. Wani bincike da aka yi a gidan Metropolitan na New York, aka wallafa a 2001, ya gano cewa mai kallo kan tsaya gaban shahararren zane kimanin daƙiƙa 27 a matsakaici. Kai ka ba zanen da ka zaɓa minti biyar cur. Da farko za ka ji sun yi tsawo, har ka fara tunanin ko mai gadi na kallonka. Ka daure.

Ka fara daga nesa, taku biyar ko shida. Kada ka karanta ɗan allon da ke gefe tukuna, domin da zarar ka karanta, idonka zai daina nema ya koma tabbatar da abin da aka gaya masa. Ka lura da inda idonka ya fara sauka, ka tambayi kanka me ya ja shi can. Sau da yawa wuri ne mafi haske, ko wani ja guda ɗaya a tsakiyar launuka masu duhu, ko yatsan wani da ke nuni. Mai zanen da gangan ya yi. Sai ka bi hanyar da idon ya bi daga nan.

Ka nemo inda haske ke shigowa cikin hoton: daga hagu, daga sama, daga taga ko daga kyandir? Inuwa za ta gaya maka. In akwai mutane, ka dubi hannayensu da inda kowa ke kallo. Wa ke kallon wa, wa ya kau da kai, wa ya zuba maka ido kai mai kallo? Labarin yawanci a nan yake ɓoye.

Sannan ka matso, har iyakar layin da aka ja a ƙasa. Daga kusa za ka ga sawun burushi: inda aka shafa fenti siriri har zaren kyallen na leƙowa, da inda aka jibga shi da kauri ya yi tudu. Zane-zanen furannin ruwa na Monet da ke gidan Orangerie a Faris, manya guda takwas a ɗakuna biyu masu siffar ƙwai, su ne mafi kyawun wurin gwada wannan. Daga kusa dabbare-dabbaren launi ne kawai, kamar an goge burushi a bango. Ka ja da baya taku goma, sai ga tafki da girgije a cikinsa. Ka yi gaba ka yi baya har ka gano daidai inda dabbaren ke rikiɗa ya zama ruwa. Wannan ba a samunsa a allon waya.

Sai yanzu ka karanta allon. Yana ɗauke da sunan mai zane, da shekarar da aka yi aikin, da abin da aka yi shi da shi: fentin mai a kan kyalle, fentin ruwa a kan takarda, ko fenti a kan katako. Zanen Mona Lisa da ke Louvre, alal misali, a kan katako take, tsawonta santimita 77 faɗinta 53, shi ya sa mutane da yawa ke mamakin ƙanƙantarta. Abin dariyar shi ne bangon da ke fuskantarta yana ɗauke da zane mafi girma a Louvre, na bikin aure a Kana wanda Veronese ya gama a 1563, faɗinsa kusan mita goma, amma kusan kowa baya yake ba shi.

Kafin ka wuce, ka rubuta layi ɗaya a littafinka. Ba sai sharhi ba. "Karen da ke ƙarƙashin tebur" ya isa.

Mutum-mutumi kuwa zagaya shi ake yi, a ga bayansa da gefensa. Zanen zamani da ba ka gane kansa ba, wanda babu mutum babu bishiya sai launi da layi, ka ba shi minti biyu. In bai ce maka komai ba ka wuce abinka. Babu dokar da ta ce sai komai ya burge ka.

Dokokin da ake da su kuwa 'yan kaɗan ne, kuma kowacce da dalilinta. Ba a taɓawa, saboda maiƙo da gishirin da ke fatar hannu suna cin fenti su dusar da tagulla. Ba a kunna fitilar kyamara, wasu gidajen ma, kamar Prado a Madrid, sun hana ɗaukar hoto a ɗakunan nuni gaba ɗaya. In ka shiga ɗakin da ke da duhu-duhu, ba wuta ce ta lalace ba: takarda da yadi da fentin ruwa haske na kashe launinsu, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa, shi ya sa ake rage musu fitila ƙwarai fiye da na fentin mai. In za ka nuna wa abokinka wani abu, ka nuna da baki, kada yatsa ya tsallake layi.

Mataki na shida: fita lambu

Bayan awa ɗaya da rabi, ko da ba ka ji gajiya ba, ka tsaya. Gajiyar gidan tarihi abu ce sananniya. Tun 1916 wani ma'aikacin gidan zane na Boston, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu a kanta. Alamarta ita ce ka ga kana wuce zane-zane kana karanta alluna kawai, ko ka fi sha'awar benci a kan abin da ke bango. Masu gina gidajen nan sun daɗe da sanin haka. Victoria and Albert shi ne gidan tarihi na farko a duniya da ya tanadi wurin cin abinci, kuma ƙawatattun ɗakunansa uku na ƙarni na 19 har yau ana cin abinci a cikinsu, ƙofarsu na kallon lambu.

Ka isa wurin abincin kafin sha biyu, ko ka bari sai bayan ƙarfe biyu. Tsakanin nan layi ne. Da isarka ka tsaya ka karanci tsarin wurin. Wani wurin tire za ka ɗauka ka bi kanta ka zaɓa ka biya. Wani za ka yi oda a ba ka lamba ka kafa a tebur a kawo maka. Wani kuma sai ma'aikaci ya zaunar da kai, kuma irin wannan a kan kama tebur tun kafin a zo. In ku biyu ne, ɗaya ya bi layi ɗaya ya kama wuri. In kai kaɗai ne, sayi abincin tukuna. Barin jaka ko waya a tebur don riƙe wuri neman asara ne.

Wajen zaɓen tebur, ka dubi inda inuwa za ta kasance nan da rabin awa, ba inda take yanzu ba. Ka nisanci kwandon shara da ƙofar da ake ta shige da fice. Ka zauna kana fuskantar kore, bayanka ga jama'a. Idon da ya yi awa ɗaya da rabi yana kallon abu daga taku uku yana buƙatar ya hangi nesa.

Abin da za ka ci ya zama mara nauyi: miya mai zafi da burodi, sanwici, salak, ko wani abu na ƙwai. Abinci mai maiƙo da yawa barci zai sa ka a ɗaki na gaba. Ka sha ruwa kofi guda kafin shayi ko gahawa, domin busasshiyar iskar ɗakunan tana sa ƙishirwa ba ka ankara ba. Kayan zaƙi ka bar su zuwa yamma. In akwai abin da ba ka ci, naman alade ne, ko abin da aka dafa da giya, ko gyaɗa da alkama da madara ga wanda jikinsa ba ya karɓa, ka tambaya kai tsaye kafin ka biya. Miya da kek su ne suka fi ɓoye abin da ke cikinsu. Kuɗin abinci a irin wuraren nan yakan ɗara na cikin gari, gaskiya ce, amma fita neman mai araha zai ci maka awa guda, wataƙila ma da tikitin. Wasu lambunan kan bari mutum ya ci guzurinsa a kan ciyawa ko benci, ba dai a teburin masu sayarwa ba.

Cin abinci a waje yana da 'yan baƙinsa. Tattabaru da ƙananan tsuntsaye ba sa jin kunya, in ka juya kai sun sauka a faranti, kuma kada ka ba su, don gobe wani za su dama. Lokacin zafi zanzaro da ƙudan zuma kan bi abin sha mai zaƙi, ka rufe bakin kofin. Ka danne takardar goge baki da cokali kada iska ta kwashe ta zuwa cikin furanni.

Da ka gama ci kada ka miƙe. Ka ƙara minti goma sha biyar. Ka buɗe littafin nan ka karanta layukan da ka rubuta, ka ga wanne zane ne ya biyo ka har teburin. In kana da abokin tafiya, kowa ya faɗi guda ɗaya da zai ɗauka ya kai gida da za a ba shi, da dalilinsa. Gardamar da ke biyo baya takan fi duk wani bayanin jagora amfani. Yara kuma nan ne wurin da za su yi gudu su huce, muddin ba a kan furanni ko jikin mutum-mutumi ba.

Mataki na bakwai: zagaya lambun

Lambun shi ma ɗakin nuni ne, rufi ne kawai babu. A gidan Rodin, mutumin tagullan nan da ya yi tagumi yana tunani a waje yake zaune, haka ma babbar ƙofar tagulla da ake kira Ƙofar Jahannama. A Nezu, duk shekara daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu ake fito da shahararren zanen furannin iris na Ogata Korin, daidai lokacin da furannin na gaske ke buɗewa a tafkin lambun, sai mutum ya ga na fenti a ciki ya fito ya ga na Allah a waje. Ka lura da yadda rana ke sauya tagulla da dutse, da koren tsatsar da ruwan sama ke bari a jikinsu. Dokar hana taɓawa tana aiki a nan ma, sai inda aka rubuta akasin haka. Kafin ka koma ciki ka wanke hannu, ka kuma shanye ko ka zubar da abin shan da ya rage, don ba a shiga da shi.

Mataki na takwas: zagaye na biyu

Wannan ya fi na safe gajarta, minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Ka fara da komawa wurin zanen da ya biyo ka lambu. Za ka ga abin da ba ka gani ba ɗazu, wani lokacin har ka yi mamakin yadda ya kuɓuce maka. In ɗakin mai taga ne a sama, hasken ma ya sauya. Daga nan ka ƙarasa abubuwan da ka yi wa alama, sannan ka bar wa kanka ɗaki ɗaya da ba ka shirya masa ba, ka shiga kawai don ƙofarsa ta ja ka.

Masu gadi kan fara fitar da mutane daga ɗakuna minti goma sha biyar zuwa talatin kafin lokacin rufewa, saboda haka kada ka bar abin da ka fi so zuwa ƙarshe. A shagon gidan, katin hoton zanen da ka tsaya gabansa sau biyu ya fi babban littafin da ba za ka buɗe ba, ka rubuta kwanan wata a bayansa. Ka karɓo jakarka kafin layin ɗakin ajiya ya yi tsawo. In wurin shayin bai rufe ba, yanzu ne lokacin kek ɗin nan da ka bari.